Tokar da ta Koma Laka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu haƙa foraj a ƙauye ya ga ramin nan da suke tonawa gefen mashin, su cika shi da ruwa, su zazzage buhunan wani gari mai laushi, su yi ta damu har ya yi kauri kamar kunun kanwa. Damun ake turawa cikin rijiyar don ya sanyaya bakin ƙarfen da ke cin dutse, ya kwaso ɓarɓashi zuwa sama, ya kuma shafe bangon ramin kada ya rufta. Ma'aikatan suna ce masa bantonit. Asalin garin nan toka ce da duwatsu masu aman wuta suka watsa sama tun kafin a yi ɗan Adam, ta faɗa cikin teku, ta ruɓe ta koma yumɓu. Abin da nake son kawo muku a wannan ɗan littafi namu shi ne tarihin yadda aka gane haka, da yadda lakar da a da ake wanki da ita ta zama abin da masana ke gardama a kansa idan suna son sanin ranar da wani abu ya faru a tarihin duniya.

Labarin ya faro ne a Wayomin, wata jiha mai sanyi da ƙarancin ruwa a yammacin Amurka. Mutanen wurin sun daɗe da sanin wata ƙasa mai santsi wadda in ruwan sama ya taɓa ta sai ta kumbura, hanya ta gagari doki da amalanke. In ta bushe kuma sai ta tsattsage. Ana wanki da ita kamar sabulu. A 1888 wani mai suna William Taylor ya fara haƙarta yana saidawa kusa da garin Rock River. Wilbur Knight, malamin ilimin duwatsu a jami'ar jihar, ya raɗa mata suna tailorit a 1897 don girmama Taylor ɗin. Sai aka tarar wani ma'adini ya riga ya ɗauki sunan. A 1898 Knight ya sake mata suna bantonit, saboda yana ganin tana cikin jerin shimfiɗun dutse da ake kira da sunan Fort Benton, wani gari a jihar Montana mai nisan fiye da kilomita 600 daga inda ake haƙar. Shi kuma garin sunan wani sanata ya ci, Thomas Hart Benton. Ka ji yadda duniya take: wanda ya sha wahalar haƙa an manta da shi, ɗan siyasar da bai taɓa lakar ba sunansa na kan buhuna har cikin karkarar Tawa.

Knight ya ba ta suna, amma asalinta ya jira shekara kusan ashirin. A 1917 Donnel Hewett na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kawo hujjar cewa tokar aman wuta ce, sannan a 1926 Clarence Ross da Earl Shannon suka kafa ma'anar da aka daɗe ana aiki da ita. Hujjojin da aka tara masu sauƙin ganewa ne. Yashin da gulbi ya jawo daga nesa yakan goge, ƙwayoyinsa su yi sumul kamar tsakuwar bakin kogi. Amma in ka wanke bantonit har lakar ta tafi, abin da ya rage a ƙasan kwano ƴan ƙwayoyin ma'adini ne masu kaifin gefe, ba alamar ruwa ya taɓa mirgina su. Da iska suka zo. In kuma aka yanki lakar siririya aka duba da madubin ƙara girma, ana iya ganin inuwar tsinken gilashi masu lanƙwasa, irin fasassun kumfa, ko da yake gilashin kansa ya riga ya tafi. Sannan ƙasan shimfiɗar a miƙe yake sai ka ce da wuƙa aka yanka, abin da ke nuna saukar farat ɗaya ce, ba taruwar sannu a hankali ba.

A nan sai mu gyara wata kalma. Tokar aman wuta ba irin tokar murhu ba ce, ba abin da ya ƙone. Narkakken dutse ne mai cike da iska, wanda ya fashe lokacin da ya fito fili, ya daskare nan take ya zama garin gilashi. Gilashi kuwa ba ya jure zama cikin ruwa na tsawon zamani. Ruwa yana kwashe masa wasu sinadarai ya bar wasu, abin da ya rage ya sake jeruwa ya zama yumɓu. Irin yumɓun da za a samu ya danganta da inda tokar ta faɗi. In cikin teku ne, sai a samu mai kumburan nan, wanda babban ma'adininsa ya ci sunan garin Montmorillon na Faransa tun 1847. Wajen 1930 zuwa 1933, da aka fara haska yumɓu da hasken X, aka ga cewa falle-falle ne kamar takardun kaye, ruwa na kutsawa tsakanin falle da falle yana buɗa su. Na Wayomin ya fi kumbura saboda sodiyom ne ke tsakanin fallayensa, sinadarin nan na gishiri da kanwa. In kuwa tokar ta faɗa cikin fadama mai ruwan tsami inda itatuwa ke ruɓewa suna zama gawayin ƙasa, sai ta koma wani yumɓu mai tauri da ba ya kumbura. Masu haƙar gawayi a Jamus suna ce masa tonstein, wato dutsen yumɓu, kuma sun daɗe suna bin layinsa don gane wace shimfiɗar gawayi suke ciki, tun ana musu a kan asalinsa. Kada dai wani ya ɗauka duk yumɓu haka yake. Mafi yawan wanda ake ginin tukwane da tuluna da shi daga ruɓewar duwatsun ƙasa ya fito, ba ruwansa da toka.

To me ya sa masana suka damu da siririn layin laka cikin dutse? Saboda lokaci. Mu nan mun san matsalar. Da yawa cikin kakanninmu takardunsu «né vers» aka rubuta, an haife shi wajen shekara kaza. In ana son tantancewa sai a nemi wani abu da kowa ya shaida: an haife ka kafin yunwar El-Buhari ko bayanta? Kana ina ranar da rana ta yi husufi a watan Maris na 2006? Shimfiɗun dutse duk «né vers» ne. Taɓo na iya ɗaukar shekara dubu kafin ya taru kaurin yatsa a wani wuri, a wani wurin kuma ya taru cikin damina guda. Amma toka cikin kwanaki take sauka, ta rufe teku mai zurfi da bakin gaɓa da fadama lokaci guda, kamar yadda hazo ke kwana kan rufin Agadas da na Maraɗi a dare ɗaya. Duk inda ka sami layin, ka san abin da ke ƙarƙashinsa ya riga aman wutar, abin da ke samansa ya biyo baya. Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne mai wuya: ka tabbatar layin da ke nan shi ne layin da ke can.

Wannan sharaɗi ya haddasa gardamar da ta fi burge ni cikin tarihin nan duka. Masu haƙar rijiyoyin man fetur a jihohin Kentaki da Tenesi sun san wasu shimfiɗun laka guda biyu cikin dutsen farar ƙasa, waɗanda ke rufto musu cikin rami. Har sunaye suka sa musu, Pencil Cave da Mud Cave, kuma da su suke gane zurfin da suka kai. A 1921 da 1922 Wilbur Nelson, shugaban binciken ƙasa na Tenesi, ya rubuta cewa toka ce ta zamanin da ake kira Ordobisiyan, wajen shekara miliyon 450 da suka wuce, lokacin da rai kusan duka yana cikin ruwa, tudu kuwa babu ko bishiya. Wannan laka ba ta kumbura sosai kamar ta Wayomin. Ta daɗe binne cikin zafi, potasiyom ya shiga tsakanin fallayen ya manne su. Shi ya sa tun farkon shekarun 1950, bayan aikin Charles Weaver, ake ce mata bantonit mai K, don K ce alamar potasiyom. Manyan shimfiɗun biyu yanzu sunansu Deicke da Millbrig. A kudu maso gabas, wajen tsaunukan Apalash, kaurinsu kan kai mita guda, amma in ka bi su arewa maso yamma har Ayowa da Minesota sai su sirance su koma ƴan santimita. Wanda ya bi kaurin ya san inda wutar take: wasu tsibirai da ke cikin wani teku mai suna Iapetus, wanda ya rufe tuntuni, tsibiran suka niƙe cikin tsaunuka. Duwatsun da suka yi aman babu su, tokarsu ce kaɗai shaida.

A can Suwidin kuma, a tsaunin Kinnekulle da ke bakin tafkin Vänern, akwai wata shimfiɗa mai kaurin kusan mita 2, wadda ake bi har Norwe da Estoniya. A 1992 mutum uku, Warren Huff na jami'ar Cincinnati, Stig Bergström na jami'ar jihar Ohayo da Dennis Kolata na hukumar binciken ƙasa ta Ilinoi, suka buga wata maƙala suna cewa Millbrig da Kinnekulle aman wuta ɗaya ne, wanda ya zubo toka a gaɓa biyu na tekun Iapetus. Sun dogara da burbushin halittun da ke sama da ƙasan layin, da kuma kamannin sinadaran lakar. In haka ne, abin da dutsen ya fitar ya haura kilomita kubik 1000, alhali Pinatubo na ƙasar Filifin, wanda ya ɗan sanyaya duniya bayan 1991, wajen 10 kawai ya fitar. Kuma da an sami igiya guda da ta ɗaure tarihin nahiyoyi biyu a mako ɗaya. Magana ce mai daɗi, irin wadda mutum ke so ta zama gaskiya.

Sai aka koma kan ƴan ƙwayoyin nan da ke ragewa a ƙasan kwano. Lakar ta canza, ruwa ya yi wasa da sinadaranta shekara miliyoyi, don haka shaidarta tana da rauni. Ƙwayoyin kuwa cikin narkakken dutsen suka ƙullu kafin fashewar, kuma kowace tukunyar wuta da irin haɗinta, kamar yadda miyar kowane gida ke da ɗanɗanonta. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara ganin ƙwayoyin bayotit na shimfiɗun biyu ba su yi daidai ba. A 2001 aka auna shekarunsu da agogon argon, sakamakon ya nuna Kinnekulle ta girmi Millbrig da ƴan miliyoyin shekaru. Abin da ya sa nake girmama Huff shi ne sunansa na cikin mutum ukun da suka sa hannu a kan wannan sakamako, wanda ke sarar reshen da yake zaune a kai. A 2011 Bryan Sell da Scott Samson na jami'ar Syracuse suka auna ƙwayoyin apatit ɗaya bayan ɗaya, suka nuna tukwanen daban ne. Awon da ya biyo baya ya rage ratar shekarun ƙwarai, duka biyun suna wajen miliyon 453 zuwa 454, amma ratar ba ta rufe ba. An kuma gano cewa ita Millbrig ɗin kanta, a wasu wurare, toka ce ta aman wuta fiye da ɗaya da suka hau kan juna. A ganina maƙalar 1992 ba ta tashi a banza ba, don neman ƙaryata ta ne ya tilasta wa mutane ƙirƙiro hanyoyin gane ƙwaya da ƙwaya da ake aiki da su yau. Wani abu kuma daga cikinta ya tsaya: duk girman waɗannan aman wuta, halittun da ke ƙarƙashin layin su ne dai ke samansa, ba a ga wata gagarumar mutuwa ba.

Cikin ƙwayoyin duka, sarki shi ne zirkon. Ƙanƙane ne, bai fi kaurin gashi biyu ko uku ba, ga taurin kai, ruwa da zafi ba su cika yi masa komai ba. Lokacin da yake ƙulluwa yana karɓar yuraniyom cikin jikinsa amma yana ƙin darma. Yuraniyom kuwa a hankali yake rikiɗa ya zama darma, da saurin da ba ya canzawa: nau'in 238 rabinsa ke rikiɗa cikin shekara kusan miliyar 4 da rabi, nau'in 235 cikin miliyon 704. Don haka darmar da ka tarar cikin zirkon bayan haihuwarsa ta taru, in ka auna ta ka auna yuraniyom ɗin da ya rage, lissafi zai ba ka shekaru. Agogo biyu ne cikin ƙwaya guda, ɗaya na duba ɗaya. Mu da ake haƙar yuraniyom a ƙasarmu tun 1971 mun saba jin sunansa wajen maganar kuɗi da siyasa, ba wajen auna zamani ba. Kuma akwai wata alaƙa ta kusa: a yankin Imuraren, kudu da Arlit, akwai shimfiɗu cike da wani ma'adini mai suna analsim, wanda masu bincike da dama ke ɗauka tokar aman wuta ce da ta rikiɗe, har wasu na ganin wani kaso na yuraniyom ɗin yankin daga irin wannan toka ruwa ya wanko shi.

Inda zirkon ya yi aikin da ya fi nauyi shi ne Meishan, wata tsohuwar mahaƙar dutse a lardin Zhejiang na ƙasar Sin. A ƙarshen zamanin Parmiyan an yi mutuwar da ba a taɓa yin irinta ba, fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. A bangon Meishan ana ganin abin da ido: dutsen farar ƙasa cike da burbushin halittu, sai wani farin yumɓu mai kaurin ƴan yatsu da aka ba lamba 25, sai kuma dutsen da kusan ba kowa cikinsa, sannan wani layin toka mai lamba 28. A 2001, bisa jagorancin Yin Hongfu, masana na duniya suka amince da wurin a matsayin ma'aunin iyakar zamanin biyu. Tambayar ita ce, mutuwar nan shekara nawa ta ɗauka? Ba tambayar banza ba ce. In miliyoyin shekaru ne, sai a nemi dalili mai tafiyar hawainiya, kamar janyewar teku. In kuwa gajeren lokaci ne, to wani abu ne ya auka wa duniya.

Samuel Bowring na makarantar MIT da abokan aikinsa na Sin sun auna zirkon ɗin a 1998, suka sami wajen miliyon 251 da dubu 400. Roland Mundil da nasa mutanen a Berkeley suka ce a'a, ƙwayoyin sun yi yoyo. Gaskiyarsu kuwa: yuraniyom yana farfasa jikin zirkon daga ciki yayin da yake rikiɗa, darma ta sulale ta wuraren da suka lalace, sai ƙwaya ta nuna ƙuruciyar da ba tata ba. Akwai kuma akasin haka, tsohuwar ƙwaya da wutar ta kwaso daga duwatsun da ta ratsa, wadda ke ƙara wa toka tsufa. A 2004 su Mundil suka ba da miliyon 252 da dubu 600. Ratar fiye da shekara miliyon guda ke nan tsakanin ɗakunan bincike biyu a kan iyaka ɗaya, kuma da irin wannan rata ba ka iya kama mai laifi. Maganin ya fito daga James Mattinson na jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara, wanda ya buga hanyarsa a 2005: a gasa zirkon cikin zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1000 na kwana biyu ko fiye, sannan a jiƙa shi cikin asid mai ƙarfi ya cinye duk inda ya lalace, a auna lafiyayyen da ya rage. Kamar dai mai gyaran gyaɗa da ke tsince ruɓaɓɓu kafin ta kai ma'auni. Ɗakunan binciken kuma suka yarda su riƙa aiki da ma'auni iri ɗaya don lambobinsu su iya zama kusa da juna.

A 2014 Seth Burgess da Bowring da Shen Shuzhong suka sake auna tokar Meishan da sabuwar hanyar. Layi na 25 ya ba da shekara miliyon 251 da dubu 941, layi na 28 ya ba da miliyon 251 da dubu 880. Tsakaninsu wajen shekara dubu 60, da yiwuwar kuskuren dubu 48 sama ko ƙasa. Ga ɗan Adam dubu 60 zamani ne mai tsawo, amma ku gwada shi da miliyon 252: kamar minti biyu ne cikin kwana shida. Ita tokar Meishan ba ita ta yi kisan ba, daga wasu duwatsu na kusa da kudancin Sin ta zo, ta dai faɗo ne a kan gaɓa ta zama shaida. Wanda ake tuhuma yana can Saberiya, inda narkakken dutse ya malalo ya rufe ƙasa mai faɗin gaske, ya kuma kutsa ƙarƙashin ƙasa cikin shimfiɗun gawayi da gishiri yana gasa su, iskar da ke ɗumama duniya tana fita. A 2015 Burgess da Bowring suka auna duwatsun Saberiya da hanya ɗaya da ma'auni ɗaya, suka tarar malalar ta fara wajen shekara dubu 300 kafin layi na 25 ya sauka, tana ci lokacin mutuwar, ta kuma ci gaba bayanta.